A bar yaran Zango su taka ƙasa su yi tambaya, ba hadda kaɗai ba ce karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa da fatan alheri gareka da ma'aikatanka baki ɗaya. Dan Allah ka ɗan bani fili a shafin wasiƙu, maganar tawa tana da tsawo amma kayi haƙuri kar ka datse ta, abu ne da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma duk sanda na tada shi a majalisa bayan isha'i sai a kwashe da dariya ace ticha ya fara. To gara in rubuto, wanda zai yi dariya yayi a gidansa.

Maganar irin karatun da muke ba ƙananan yaranmu ce a nan zangunan Kumasi. Ka zaga Aboabo, Asawase, Sawaba, Akwatia Line, Moshi Zango, ka leƙa makarantun kuɗi da suka cika lunguna, mafi yawansu gidan haya ne aka mayar makaranta, tsakar gidan an malale shi da siminti tas, ko tsiron ciyawa ɗaya babu, taga ɗaya ko biyu, yara a cushe kamar trotron Kejetia da yamma. Yaro ɗan shekara 3 an rataya masa jakar da ta kusa kai nauyinsa, yana zaune kan benci tun bakwai da rabi yana maimaita abin da madam ta faɗa, in an tashi a ce akwai ekstira kilas, in ya dawo gida ko ruwa bai gama sha ba sai makarantar allo har magariba, bayan isha'i kuma ga homwok, Asabar da Lahadi ga Islamiyya. Ni na koyar a irin waɗannan makarantun shekaru da dama kafin in koma kasuwa, ba labari aka bani ba. Kuma abin da yafi bani haushi, a ƙofar da yawa daga cikinsu zaka ga an rubuta Montessori da manyan baƙaƙe da fenti mai kyau, iyaye su gani suce ai nan ne wajen karatu.

To ita wannan Maria Montessori ɗin da ake cin kasuwa da sunanta likita ce 'yar Italiya, kuma makarantarta ta farko da ta buɗe a 1907 ba a unguwar masu kuɗi take ba, a San Lorenzo take cikin birnin Rum, unguwar leburori ce mai cunkoso, iyaye su fita nema tun safe su bar yara suna ta ɓarna a gidajen haya. Kaga kenan yaran Zangon can ne. Abin da tayi shi ne ta kawo kujeru da tebura daidai tsayin yara waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa, ta jera kayan aiki a ƙasa inda hannunsu zai kai, ta bar kowane yaro ya zaɓi aikin da zai yi ya daɗe a kai iya son ransa ba mai kaɗa masa ƙararrawa, manya da ƙanana a aji ɗaya babba yana nuna wa ƙarami, su share ɗaki, su zuba ruwa, su kula da tsirrai, ita kuma malama aikinta ta zuba ido ta lura da inda kowane yaro ya kai sannan ta nuna masa mataki na gaba. Sunan bashi da mai gadi, kowa zai iya rubuta shi a allo, shi yasa ka ga ya cika gari, amma in ka shiga aji kaga yara hamsin suna ihun A for Apple da bulala a kan tebur to wallahi ko ƙamshin tsarin matar nan babu a wurin.

Haka makarantun Waldorf da yanzu sai 'ya'yan wane da wane a Turai, asalinsu a 1919 aka fara a Stuttgart ta Jamus don 'ya'yan ma'aikatan wata masana'antar sigari. Su kuma mutanen Denmak tun wajen shekarun 1950 suka fara kai ƙananan yara daji su wuni can, ruwa ko sanyi, suna hawa bishiya suna tonon ƙasa, daga baya 'yan Ingila suka je suka gano a 1993 suka kai tsarin ƙasarsu. Na kawo waɗannan ne don masu ce min wai wannan karatun 'yan gata ne, na mutanen Ahodwo da Nhyiaeso masu fili da fulawa a gida. Ɗan mai fili a gida ai ko makaranta bata kai shi waje ba yana da inda zai taka ƙasa. Namu da ke kwana ɗaki ɗaya da iyaye da ƙanne, ƙofar gida gota ce, bayan gida bola, shi ne mai tsananin buƙata.

Na san abin da ke tsorata iyaye in sun ji ance a sa yaro a tsakiyar karatu, suna ɗauka ana nufin yaro ya zama sarki, yayi abin da yaga dama, ya kalli tsabar idon malami ya gaya masa magana. Ba haka bane sam. Ladabi yana nan, doka tana nan. Abin da ake nufi kawai a fara daga inda yaron yake, abin da ya sani da abin da ke jan hankalinsa, a tafi da shi da saurin da ƙwaƙwalwarsa zata ɗauka. Kuma mu bai kamata wannan ya zama baƙo garemu ba, duk wanda yayi makarantar allo ya san shi. Yara talatin a zaure ɗaya amma kowa da allonsa kowa da inda yake, wannan yana babbaƙu, wannan yana farfaru, wancan ya kai Sabbi, ba a wanke maka allo sai ka iya, kuma ba wanda zai ce tunda zangon karatu ya ƙare dole kowa ya wuce gaba ko ya iya ko bai iya ba. Babban ɗalibi shi ke biya wa ƙarami. Tawadar ma da hannunmu muke haɗawa da gawayi da ƙaro, alƙalami mu feƙe shi daga kara, ka san daga wace bishiya ƙaron ya fito. Dorinar ce kawai ban yarda a dawo da ita ba, ita kam Allah raka taki gona, dama hukumar ilimi ta Gana ta hana duka a makarantu tun 2017 duk da har yau ana yi a ɓoye da a fili.

Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa a aji biyar, duk tichoci sun sallama shi, kullum shi ne na ƙarshe a lissafi, in an kira shi gaban allo sai ya tsaya yana kallon silifas ɗinsa har a gaji a ce ya koma. Wata rana na bi ta lungunsu sai na same shi a kan rufin wani kango da akurkin tantabaru da ya haɗa da kansa da katakon kwalin tumatir da tsohuwar ragar sauro. Na tsaya muka yi hira, yaron nan ya gaya min tantabara ƙwai biyu take yi, kwana 18 take kwanci, namiji ya kwanta da rana mace da dare, ya san wadda ke da mura daga yadda take kumbura gashi, ya san mudun dawa nawa suke ci a sati da nawa yake saye a kasuwar Asawase da nawa zai sayar da 'yan shila biyu ya fitar da kuɗin dawa ya ga riba, duk da ka, ko yatsa bai lissafa ba. Wannan ne fa muka rubuta wa "very weak" a katin sakamako. Da na koma aji na fara ba shi lissafi da dawa da tantabaru maimakon John da Mary masu sayen apul, sai gashi yana ɗaga hannu. Bai zama na ɗaya ba, kar in yi ƙarya, amma ya daina kallon silifas. Irinsa nawa ne a Zango, masu kiwon ragon layya, masu taya uwa sayar da wake da shinkafa suna bada canji ba kuskure, mata ƙanana da suka san ganyen ayoyo da alefu da kontomire tun daga nesa, amma da sun shiga aji sai a nuna musu duk abin da suka sani ba ilimi bane.

Masu ganin kamar wannan bin Turawa ne su tuna Ƙuraishawa ma a Makka ba sa barin jarirai a cikin gari, ƙauye suke kai su don iska mai kyau da lafiyar jiki da fasahar harshe, Manzon Allah (SAW) a hannun Halimatus Sa'adiyya ya yi ƙuruciyarsa ta farko, kuma ya yi kiwon tumaki, har ya faɗa cewa babu annabin da Allah ya aiko face ya yi kiwo. Alƙur'ani cewa yayi shin ba sa duba raƙumi yadda aka halicce shi, da sama yadda aka ɗaga ta, da duwatsu, da ƙasa. Duba aka ce. Yaranmu sun haddace Suratun Nahli da Namli da Ankabut, masha Allah, amma ka tambayi yaro ya taɓa tsugunawa ya kalli tururuwa tana jan ƙwayar shinkafa zuwa rami, ko ya ga yadda gizo-gizo ke fara saƙarsa, sai yace a'a, don in ya tsuguna ma za a daka masa tsawa ya tashi kar ya ɓata yunifom.

Bari in baka misalin darasi ɗaya da nayi wanda ko sidi biyar bai ci ba. Lokacin damina ne, littafin kimiyya yana da zanen rayuwar sauro, ƙwai, tsutsa, da sauransu, yara sun haddace suna rerawa kamar waƙa amma ba wanda ya san me yake faɗa. Sai na ce kowa ya zo da robar ruwa da aka yanke kanta, muka fita bayan makaranta wajen mai facin taya, muka leƙa cikin tsofaffin tayoyi da ruwan sama ya taru, ga 'yan tsutsotsi nan suna wutsil-wutsil, in inuwarka ta faɗa kan ruwan sai su nutse ƙasa gaba ɗaya, in ka yi shiru su dawo sama su rataye kai ƙasa suna shaƙar iska da wutsiya. Wata yarinya da bata taɓa magana a aji ba ita ta fara lura da haka, tace ticha suna jin tsoron inuwa. Muka ɗebo, muka rufe bakin robobin da yankin tsohuwar raga da roba, muka jera a taga, kowa da littafinsa yana zana abin da ya gani kullum da safe. Kafin sati ya zagayo sun dunƙule sun zama kamar waƙafi, sai wata safiya muka shigo ga sauro a tsaye a jikin raga. Ihun da yaran nan suka yi har hedimasta ya fito da gudu yana tsammanin wani abu ya faru. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, ticha duk sauro ne ke kawo maleriya, na ce a'a, macen wani iri ce da ake kira Anopheles, ita tafi son ruwan da ya kwanta a rana cikin ɗan kududdufi da sawun mota, na gota mai wari yawanci wani iri ne daban mai hana barci da kuka, na cikin taya da gwangwani kuma akwai mai zanen fari a ƙafa da ke cizo da rana, shi ke kawo shawara da dengi. Washegari wata uwa ta tare ni a hanya tana dariya tace Malam me ka gaya wa 'yarka, ta kifar min da duk wani gwangwani da ke tsakar gida har da kaskon kaji. A cikin wannan aikin ɗaya anyi kimiyya, anyi zane, anyi ƙidayar kwanaki, anyi rubutu, anyi tsafta. Gani ya kori ji.

Ga kuma lafiya. Yanzu ka lura da yawan yara masu gilashi, ga waya a hannu tun suna rarrafe. A Guangzhou ta ƙasar Sin an yi gwaji da yaran aji ɗaya a makarantu 12, aka ƙara wa rabinsu minti 40 na fita waje kowace ranar makaranta, bayan shekara 3 aka duba, cikin waɗanda ake fitarwa kusan kashi 30 cikin ɗari ne suka kamu da matsalar rashin hangen nesa, waɗanda ba a ƙara wa ba kusan kashi 40, an wallafa sakamakon a 2015. Taiwan tun 2010 ta ce makarantu su riƙa fitar da yara awa 2 a rana saboda ido. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tace yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Mu nan rana kyauta Allah ya bamu, amma mun kulle yara a ɗaki mai duhu sannan in yaro ya kasa zama wuri ɗaya muce yana da ƙiriniya ko aljanu.

Yanzu ga maganar da tafi ƙarfi cikin abin da ake mayar min, kuma ban raina ta ba. Wani dattijo yace min, ticha, shekara nawa ana faɗa a ƙasar nan kan makarantun ƙarƙashin bishiya, kowace gwamnati tazo tace zata kawar da su, kai kuma yanzu kana cewa a mayar da yara gindin bishiya? Gaskiyarsa. Yaron da ke zaune kan dutse a ƙauye don babu aji, in hadari ya taso a tashi kowa ya gudu gida, allo a jingine jikin mangwaro, wannan talauci ne da sakaci, ba tsari bane, kuma ko a gindin bishiyar ma haddar ake masa da bulala, ba wanda ya taɓa ce masa ɗaga kai ka kalli bishiyar da kake zaune a ƙarƙashinta. Ni ina son aji mai rufi da taga da banɗaki da ruwa. Abin da nake cewa shi ne bayan an gina ajin kar a mayar da shi kurkuku, a bar ƙofa a buɗe, a bar ɗan fili ko taku goma ne ba siminti.

Wani abin kuma da muka yi wa kanmu, mun mayar da adda da fartanya kayan horo. Ka makara, je ka sare ciyawa. Kayi surutu, je ka sare ciyawa. Yaron da tun yana shekara 8 ya san taɓa ƙasa hukunci ne, ta yaya zai girma yaso noma? Dattawanmu suna tuna zamanin Acheampong da shirin ciyar da kai na Operation Feed Yourself a 1972, makarantu da gonakinsu, kowa da ɗan lambu a bayan gida. Yau ga kogunan Ofin da Pra da Oda sun koma ruwan kunu saboda galamse, wato haƙar zinari ta bayan fage, muna ta zagin samarin da ke haƙa, alhali da yawansu sun yi shekara tara ko fiye a makaranta ba a taɓa kai su bakin rafi an nuna musu abin da ke rayuwa a ciki ba. Mu kanmu nan Aboabo yaro ya tashi ya ga rafin da unguwar ke ɗauke da sunansa cike da leda da robobi, a ganinsa dama can haka rafi yake, wajen zubar da shara ne.

Kuma abin takaici garin nan da ake wa kirari da birnin lambuna, duk da an sare da yawa, har yanzu Allah ya bar mana wuraren da wasu ƙasashen sai sun hau jirgi su zo gani. Ka tsaya kusa da gidan zu na Kumasi, nan gefen Kejetia, da yamma kaga jemagu dubbai suna tashi daga bishiyoyi suna rufe sama, waɗannan jemagun 'ya'yan itace suke ci kuma su ke yaɗa irin bishiyoyi irin su odum zuwa nesa cikin dare, wato dajin da muke samun katako su ke shuka shi, yara nawa aka taɓa gaya wa haka, mu dai abin da muka sani jemage abin ƙyama ne. Ga Owabi, dam ɗin da aka gina tun 1928 yana ba gari ruwa, da dajinsa da tsuntsayensa. Ga dajin Bobiri kusa da Kubease a hanyar Akra mai malam buɗe littafi kusan iri 400. Ga tafkin Bosomtwe wajen kilomita 30 daga gari, wanda wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da suka wuce, masunta suna kamun kifi a kan falankin katako suna tuƙi da hannu. Ga lambun tsirrai na jami'ar KNUST, ga cibiyoyin binciken daji da na amfanin gona a Fumesua. Amma ekskoshon ɗin makarantunmu, in ma anyi, sau ɗaya ne a shekara, a karɓi kuɗi mai yawa, a ɗinka tishat, a kai yara mol su hau lilo su sha ayis kirim a ɗauki hoto a dawo.

Sai maganar BECE, jarabawar gama ƙaramar sikandare, ita ce dodon kowa. Iyaye suce mu dai yaro yaci jarabawa ya samu sikandare mai kyau tunda tun 2017 kyauta ce. Ban ƙi ba, nima ina da 'ya'ya kuma ina son su ci. Amma yaro ɗan KG, wato ajin reno, da ɗan aji biyu ina ruwansu da jarabawar da sai bayan shekara bakwai ko tara za su zauna? Kuma ita kanta manhajar da gwamnati ta kawo a 2019 daga KG zuwa aji shida cewa tayi a koyar da ƙanana ta hanyar wasa da aiki da hannu, ɗalibi ya zama shi ke aikin, takarda ta faɗi haka amma aji bai canza ba. A Amurka an taɓa gwadawa a birnin Milwaukee, aka kwatanta yaran da ƙuri'a ta ba su gurbi a makarantar Montessori ta gwamnati da waɗanda ƙuri'a bata faɗa kansu ba, aka wallafa a 2006, 'yan shekara 5 na Montessori sun fi a shirin karatu da lissafi da iya zama da mutane. Binciken ƙarami ne, ba zan ce ya rufe magana ba, amma ko banza ya nuna barin yaro yayi aiki da hannunsa baya hana shi iya ABCD. Abin da na gani da idona shi ne wanda ya fahimta yana riƙewa, wanda ya haddace ya zubar a takardar jarabawa kafin a dawo hutu ya manta.

Ban kuma ɗora laifin duka kan tichoci ba, na san zafin. Mutum ɗaya da yara hamsin ko sittin, albashin makarantar kuɗi bai kai ya biya haya ya ci abinci ba, mai makaranta yana binsa da ido kan a cika littattafai da jan biro don iyaye su gani, wa zai ce masa ya kwashi yara ya fita? Ga matsalar harshe a kai, ɗan Zango Hausa a gida, Tuwi a titi, Larabci a makaranta, Turanci a sukul, kuma cikin harsuna 11 da gwamnati ta amince a koyar da su babu Hausa, to yaron da ko tambaya bai iya haɗawa da Turanci ba sai yayi shiru, shirun nan kuma a ce masa ladabi ko daƙiƙanci. A waje kuwa, in yana riƙe da ƙwaro a hannu, bakinsa buɗewa yake da kowane harshe, daga nan malami mai wayo sai ya ɗora masa kalmar Turancin a kai.

Mu iyaye ma muna da namu kason babba. Mu ne muke zuwa mu yi faɗa in yaro ya dawo ba homwok, mu ce kuɗinmu ake ci a banza. Mu ne in yaro ya dawo da ƙasa a gwiwa sai uwa ta ɗauki mayafi ta tafi makaranta. Mu ne muke alfahari ɗana shekara 3 yana rubuta 1 zuwa 100, alhali hannun ma bai gama ƙwari ba, kuma ka ajiye masa goro bakwai kace ƙirga ya kasa. In yaro ya cika tambaya muce ya cika surutu, yi mana shiru manya na magana. Ana yawan kawo min karin maganar nan wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to ai wanda ya taɓa tanƙwara ɗanyen icce ya san a hankali ake bi, in ka danna da ƙarfi tsagewa yake.

Abin da nake roƙo ba sai an jira gwamnati ko wata ƙungiya daga waje ba. Makarantar da bata da fili tana iya jera buhunan siminti da tsofaffin tayoyi da bokitan fenti a jikin katanga, a cika da ƙasa da kashin awaki wanda Zango bata rasa shi ba, kowane aji da nasa, a shuka kuɓewa, ayoyo, tumatir, barkono, zogale, wake ma kwana kaɗan ya tsiro yaro ya gani da idonsa, su auna tsayi da rula duk sati su rubuta, in ya mutu a zauna a bincika me ya kashe shi, wannan ma darasi ne. A ware yamma ɗaya a sati ba allo ba biro ja, a fita, ko filin idi ne ko harabar masallaci ko gindin wata darbejiya a unguwa. A gayyato tsofaffinmu, mai maganin gargajiya da ya san ganye, mahauci, mai kiwon shanu, tsohuwar da ta san yadda ake dawadawa daga ɗorawa da man kaɗe daga kaɗanya, su zauna da yara awa ɗaya, wallahi da yawansu daɗi za su ji an tuna da su. A ranar dashen bishiya ta Green Ghana da aka fara a 2021 an riƙa raba tsirrai kyauta, duk sanda aka samu irin haka, maimakon manya su dasa a ɗauki hoto a watse, a ba kowane aji bishiya biyu su sa mata suna su riƙa ba ta ruwa har su gama makaranta, a kewaye ta da kwando saboda awaki. In za a je Owabi ko Bobiri, iyaye su haɗa kuɗin trotro ɗaya, a tafi da gari da ƙuli da ruwa, ba sai an ɗinka tishat ba, amma a tafi da manya isassu, yara su sa takalmi rufaffe saboda maciji da ƙaya, ba mai shiga ruwa, kuma dan Allah kar a bar 'yan mata a gida a ce su fita ba tasu bace, su ma a tafi da su da malamai mata.

Ina kira ga limamanmu da sarakunan Zango da masu makarantun Islamiyya da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi, duk wanda zai ba da fili ko ya gina sabuwar makaranta ya sa sharaɗin a bar wani yanki ba gini ba siminti. Asusun raya Zango da aka kafa a 2017 ma in zai gina aji to a haɗa da lambu da bishiyoyi cikin zanen tun farko. Iyaye kuma ranar mitin ɗin PTA, bayan an gama rigimar kuɗin abinci da na bas, wani ya daure ya ɗaga hannu ya tambayi mai makaranta sau nawa yaranmu suke fita waje a sati, kuma in an rubuta Montessori a ƙofa a ce a nuna mana kayan aikin da takardar horon malamar.

Kai kuma Malam Edita ina roƙonka ka tura ɗan jaridarka ya zaga makarantun zangunan Kumasi da na Akra, Nima da Mamobi da Sabon Zango da Madina, ya gano mana ko akwai waɗanda suka riga suka fara irin wannan a ɗan ƙaramin ƙarfinsu, a buga labarinsu da yadda suka yi da abin da ya ci musu, don masu son farawa su samu wajen tambaya. Wanda kuma bai yarda da ni ba, musamman tichocin da har yanzu suke cikin aji, ya rubuto a wannan shafin, zan karanta.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ticha,
Aboabo, Kumasi